Farantin da Na Ɗiga wa Jan Farce

Ranar da Baba ya dawo daga asibiti da takarda a aljihu, ni ce na fara cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, na san cutar nan ciki da waje. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar, hannu a ƙugu, sai kunya ta rufe ni.

Aikin ido ya je a yi masa. Shekara arba'in yana gyaran agogo a wani ɗan shago a bakin titi, kuma yanar ido ta fara rufe masa na hagu, wanda yake maƙala wa gilashin aiki. Kafin a ba shi rana aka ɗebi jininsa, sai aka ce an ga ciwon hanta, mai harafin B, ya dawo bayan wata guda ya ga likitar hanta. Iyakar abin da ya riƙe ke nan. Na tambaye shi me suka ce game da abinci da zama cikin mutane. Ya ce wanda ya ba shi takardar ya yi bayani da yawa, amma shi hankalinsa na kan agogon bangon ɗakin, wanda ke latti da minti bakwai kuma ba wanda ya damu.

Ni kuwa ina da dalilin cika baki. Ni ce shugabar kicin a wata makarantar kwana, kuma shekara uku da suka wuce bututu ya fashe mana, ruwan ƙazanta ya haɗu da na tankin sha. Yara goma sha tara suka kwanta, idanunsu suka yi rawaya, fitsarinsu kamar shayi, ga amai. Ma'aikatan lafiya suka rufe kicin mako biyu, suka zaunar da mu a benci suka koya mana wanke hannu kamar ba mu taɓa ganin sabulu ba. Ciwon hanta suka kira abin, kuma sun ce ta abinci da ruwa yake bi. Akwai wani harafi da suka riƙa maƙalawa a ƙarshen sunan, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba. A makarantarmu ɗakunan kwana ma A da B ne, kuma sauro ɗaya ke cizon su.

A kicin ɗinmu akwai tsari tun lokacin. Wuƙa da katakon yankan ɗanyen nama muna ɗiga musu jan fenti, kada su haɗu da na ganye. To, ba ni da fenti a gida, amma ina da jan farce. A yammacin ranar na ware faranti ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya, na ɗiga wa kowanne a gindi. Na sayo soso na daban da roba ta daban. Na ce daga yau kayan Baba a tafasasshen ruwa za a wanke su, kuma ba wanda zai sa hannu a abincinsa.

Baba ya juya farantin, ya matso da shi kusa da idonsa mai kyau, ya ce aikin ya yi tsaf. Sai ya tambaya:

“Ƙararrawa fa, a ina za ta ci?”

Ƙararrawa ’yata ce, shekararta biyar. Shi ya sa mata sunan, don ita ke tashinsa kullum da safe ta hanyar hawa cikinsa. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa cin abinci a wani faranti ba sai nasa. Shi ke zare mata ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, ta cinye gwaiduwar ƙwai ta bar masa farin, su yi ta rigima kan wanda ya fi ɗiba, ya ce zai kai ta ƙara. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga abin da ke sa shi ya gama da faranti ba in ba wannan rigimar ba. Na san da haka sarai, amma na ce masa za ta ci da ni.

Ta yi kuka kwana uku. A rana ta huɗu ta daina, abin da ya fi kukan ciwo ke nan. Ta riƙa zama kusa da ni, tana leƙensa yana ci a kan kujerarsa ta bakin taga, shi kuma ya juya mata baya kamar yana kallon titi.

Daga nan fa kowa ya zama likita. Matar mai walda, maƙwabciyarmu, ta shigo aron rariya ta ga robar wanke-wanke biyu, ta tambaya, na gaya mata. Ta ce ai wannan ba abin tashin hankali ba ne, mijinta ya yi ciwon hanta bara, wata uku ya sha wasu ƙwayoyi aka ce ya warke tas. Na ɗauki mayafi na nufi kemis, na ce a ba ni ƙwayar wata uku ta hanta. Mai kemis ya tambaye ni wane harafi. Na ce B. Ya ce waccan ta masu C ce, ba ta yi wa B komai. Na ce to hantar ba ɗaya ba ce? Ya ce hanta ɗaya ce, ƙwayoyin cutar ne daban-daban, ya juya ga mai sayen maganin tari. Na dawo gida ina jin haushinsa, don a ganina rowa ce kawai.

Maigidana direban motar kaya ne, ba ya son abu ya wuce shi bai yi masa fassara ba. Shi ya yanke cewa haruffan nan matakai ne, kamar giyar mota: a fara da A, in ba a kula ba a shiga B, daga nan C. Wato Baba yana mataki na biyu. Na ce in haka ne ya aka yi mai walda da ke mataki na uku ya warke a wata uku, mu da ke na biyu aka ce babu ƙwayarmu? Ya ce wataƙila daga baya ake ƙirgawa.

Sai Yaya ya kira a waya. Ya ce ya bincika, akwai D, akwai E ma, kuma E ɗin nan yana kashe masu juna biyu, saboda haka matarsa da ke da cikin wata shida ba za ta ƙara taka gidanmu ba sai ta haihu. Na ce Yaya, B aka ce. Ya ce shi dai ba ya wasa da haruffa. Baba yana zaune yana jin komai, don wayata in ana magana har maƙwabta suna ji.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne idon Baba. Kullum da safe in na kai masa shayi sai in tsaya ina leƙa farin idonsa, ina jiran rawayar da na gani a idon yaran makaranta. Fari tas. Ba amai, ba zazzaɓi, mutum yana tafiya shago da ƙafarsa ya dawo. Wata rana in ce ko asibitin ne suka haɗa jininsa da na wani, in ji kamar in goge jan farcen nan. Washegari in tuna yara goma sha tara a kwance, in ƙara tafasa ruwa.

Abu ɗaya na bar wa Baba da jikarsa, kuma na yaba wa kaina a kai. Duk safiyar Lahadi Baba kan yanke wa Ƙararrawa farce. Yana da wani ɗan gwangwani da yake zuba ƙananan kusoshin agogo, a ciki yake ajiye reza guda, da ita yake gyara gemunsa, ya yanke farcensa, ya yanke nata. Ya raina abin yankan farce na kanti, wai yana fasa farce ne ba yankewa ba. Na yi lissafi irin nawa: wannan hannu ne, ba baki ba, in an gama sai ta wanke da sabulu. Da na ga sun rasa farantin, har ni ke tura ta, in ce je ki Kaka ya yanke miki. Ko farcen bai fito ba sai ya nemo abin da zai kankare, don dai ta daɗe a kan cinyarsa.

Idon nan fa ya riga ya yi rauni. Lahadi ta uku ya ɗan yanki babban yatsansa, ya tsotse, ya ci gaba, can kuma ya taɓa gefen ɗan yatsanta, jini ya ɗan tsatso. Ta yi ƙara, ya rikice yana ba ta haƙuri. Na kawo auduga na goge, na ce ba komai, kowa yana yankewa. Faɗan da na yi a ranar shi ne don na ga tana shirin kurɓar ragowar ruwan kofinsa. Na fizge kofin har ruwan ya zube masa a riga.

Bayan wannan ya fara barin abinci. In kawo faranti, in dawo in same shi kamar yadda na ajiye, sai cokali biyu da aka taɓa a gefe. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce wa maigidana to ga shi, cutar ta fara cin jiki, shi kuma ya ce an kusa shiga C. Sai Baba ya fara cewa a zuba masa a kwano ya tafi da shi shago. Ranar nan na ga ya naɗe tabarmarsa da bargo ya ajiye a bayan ƙofa. Na tambaye shi, ya ce akwai ɗan wuri a bayan kantar shagon, ƙarshen wata zai koma can da kwana, ya fi kusa da aiki.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana, “kin gaji da tafasa ruwa. Yarinyar nan ma ta fara tsorona.”

Na ce ba inda za shi. Amma a cikin raina, Allah ya gani, akwai wani ɓangare da ya ji sauƙi, kuma na tsani kaina saboda haka.

Ranar ganin likita na ɗauki hutu na raka shi, don na san in shi kaɗai ya je agogon bango zai kalla. Ƙararrawa ma na tafi da ita, babu wanda zan bar wa. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, tana da biro uku a aljihu. Kafin ta buɗe baki na zayyana mata duk matakan da na ɗauka: faranti, kofi, soso, tafasasshen ruwa. Na gaya mata aikina da abin da ya faru a makarantarmu, ina jiran ta ce da kowa kamar ni ne da an huta.

Ta ajiye biro, ta tambaye ni tun yaushe yake ci shi kaɗai. Na ce wata guda. Ta kalli Baba, ta kalli wuyan rigarsa.

Sai ta jawo takarda ta rubuta haruffa biyar, ta ja layi ta raba su gida biyu. Ta ce ba matakai ba ne, cututtuka ne biyar daban-daban da suka haɗu a kan hanta kawai. A da E ta baki suke shiga, ta gurɓataccen ruwa da abinci, su kumbura hanta, mutum ya yi rawaya ya jigata, yawanci ya warke su fita. Na makarantarmu A ne, kuma abin da aka koya mana daidai ne, amma don A. E ɗin da Yaya ya ji gaskiya ne yana da haɗari ga mai ciki, sai dai ba shi Baba yake da shi ba. B da C da D kuwa ta jini suke bi, B har ta kwanciyar aure da wajen haihuwa. C ana warkar da shi da ƙwayoyi, shi ne na mai walda. D ba ya iya zama sai a jikin mai B. Shi B yakan zauna shekara talatin, arba'in, ba rawaya ba ciwo, yana yi wa hanta tabo a hankali har ta taurare, wani lokaci ya kai ga ciwon daji. Shi ya sa ake bibiya, wasu a ɗora su a kan magani na kullum.

Na ce to farantin fa?

“Ba ya bi ta faranti,” ta ce. “Ko kofi, ko cokali, ko runguma. Su ci tare. Abin da nake so in sani, akwai abin da yake haɗawa da wani mai taɓa jini? Buroshin haƙori, reza, abin yankan farce?”

Ƙararrawa ce ta ɗaga ɗan yatsanta, ta nuna wa likita wurin da ya warke, ta ce Kaka ne ya yanke ta amma bai sani ba, kuma ba ta yi kuka sosai ba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kaina ya yi dum. Wata guda ina gadin ƙofar da ba kowa a bayanta, ɗayar kuwa ni na buɗe ta da hannuna, har ina tura yarinya. Na kalli Baba, na ga ya ƙura wa ɗan yatsan yarinyar ido.

Likitar ta ce kada mu firgita tukuna. Ta tambaya ko an yi wa yarinyar allurar rigakafi tana jaririya, don akwai ta B a cikinsu. Na ce an yi mata allurai, amma ko wanne da wanne, ko an cika, wallahi ban sani ba, lokacin ina fita aiki tun asuba. Katin kuma rabona da shi tun tashinmu daga tsohon gida. Ta rubuta mana gwaji mu uku, ni da maigidana da yarinyar, ta ce mu dawo bayan mako guda.

Makon nan ban san me nake yi ba. Na ƙwace rezar, na sayo wa kowa abin yankan farcensa. Amma farantin ban iya haɗa shi da sauran ba. Sau biyu ina ɗauka in kai kwando, in tsaya, in ce in ita ma likitar akwai harafin da ta manta fa? Jiya-jiya na tabbata da abu, ya zama ba haka ba, yanzu ko gishiri na zuba a miya sai na sake ɗanɗanawa sau uku. Na birkice akwatuna ina neman kati, na zazzage jakunkuna, har cikin littattafan girki na duba. Tabarmar Baba kuwa na nan a bayan ƙofa.

Ana gobe za mu koma, ya dawo daga shago da rana, abin da ba ya yi. Ya miƙo mini wata leda da aka naɗe da robar ɗaure kuɗi. Katin ne. A aljihun teburinsa yake, tare da rasiɗan agogunan mutane, duk shekarun nan. Na manta shaf cewa shi ke goya ta a kafaɗa ya kai ta asibiti ina wurin aiki. Kowane layi an cike, an buga hatimi, tun daga ta ranar haihuwa. A gefen kowace rana ya rubuta da fensir, da ƙananan rubutunsa, ƙarfe nawa aka yi allurar.

Ya ce bai san ko akwai ta B a ciki ba, shi dai an ce ya kawo ta ranar kaza, ya kawo ta.

Washegari likita ta duba katin, ta duba sakamako, ta ce Ƙararrawa ba ta da cutar, kuma jininta na da kariya, alluran nan sun yi aikinsu. Maigidana ba shi da ita, amma ba shi da kariya, za a fara masa allura a ranar. Baba an ga ɗan tabo a hantarsa a hoto, za a ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum, kuma aikin ido ba abin da zai hana. Sai ta juyo gare ni, ta gyara zama.

Ina da ita. B, irin ta Baba. Ta ce mai yiwuwa tun ina ƙarama, ba wanda zai iya cewa daga ina, kuma allurar ranar haihuwa ce ta tsare ’yata daga gare ni tun kafin maganar reza. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne yara ɗari huɗu nake dafa wa abinci. Ta ce in ci gaba da dafawa, in na yanke in rufe ciwon da filasta, shi ke nan. Na ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa.

A mota maigidana ya ce ashe ba giyar mota ba ce. Ni kuwa ina ta tunanin wata guda da na yi ina ba yarinyar nan abinci a farantina, da cokalina, don in tsare ta daga mai cutar.

Da muka isa gida na dafa shinkafa da kifi, na juye a babban tire guda, na shimfiɗa tabarmar da ke bayan ƙofa a tsakar ɗaki. Na kira kowa. Ƙararrawa ta zo da gudu ta zauna, ta bar wuri a gefenta. Baba ya wanke hannu, ya taho a hankali da kofinsa mai ɗigon jan farce, ya zauna, amma bai matso ba. Ya kalli tiren, ya kalli yarinyar, ya ɗora hannunsa a gwiwa.

Na ce Baba, bismilla.

“Uwata,” ya ce, “wannan karon kin tabbata?”

Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya ce kawai, kuma ya cancanci ya yi ta. Na buɗe baki in ce na san abin nan ciki da waje, sai na ji ba zan iya ba. Na miƙa hannu na ɗauki kofinsa, wanda ya riga ya sha rabi, na kurɓa, na miƙa wa Ƙararrawa. Ta riƙe da hannu biyu tana kallona, tana jiran in fizge. Na ce ta sha.

Ta shanye, ta ajiye, ta tura masa kifin gabansa ta ce ya cire mata ƙaya, tun da ya koma bakin taga ba wanda ya iya. Ya matso da kifin kusa da idonsa mai kyau, ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan kifin nan fiye da yadda ya saba, kansa a sunkuye, kuma ba wanda ya ce masa ya yi sauri.